Sunan Sarkin da Ya Mutu a kan Azurfa: Shin Kwandala Tana Ƙarya?

Tsabar kuɗi irin ta dā, wadda ake bugawa da guduma a kan azurfa ko zinariya ko jan ƙarfe, bisa al'ada abubuwa uku take shaida wa wanda ya riƙe ta: sunan mai mulkin da aka buga ta da izininsa, da garin da aka buga ta, da shekarar da aka yi bugun. A kan waɗannan shaidu ne masu nazarin tsofaffin kuɗaɗe suke dogara wajen gyara jerin sarakuna da tantance iyakokin dauloli, domin ƙarfe ya fi takarda jure wa gara da gobara, kuma marubucin fada yana iya sake rubuta tarihi bayan an yi juyin sarauta amma ba shi da ikon tattaro kwandalolin da suka riga suka watsu cikin kasuwanni. Sai dai akwai wani babban rukunin kuɗaɗe da ke girgiza wannan dogaro, wato na masarautun Indiya da suka ci gaba da mulkin cikin gida a ƙarƙashin Turawan Ingila, waɗanda yawansu ya kai kimanin 565 lokacin samun 'yancin kai a 1947, kuma fiye da 100 daga cikinsu sun taɓa buga kuɗin kansu. A kan da yawa daga cikin waɗannan kwandaloli, sarkin da aka ambata ya daɗe a kabari ko kuwa yana raye amma ba ya iko da ko unguwa guda ta ƙasar, garin da aka rubuta wani lokaci ba a can aka yi bugun ba, shekarar kuma an tsayar da ita wuri ɗaya ana ta maimaita ta tsawon zamanin sarakuna uku ko huɗu. Tambayar da wannan yake haifarwa ta wuce ta masu tara kayan tarihi, domin ta shafi ma'anar gaskiya ita kanta: shin ƙarya ce aka zana a jikin ƙarfe, in kuwa ƙarya ce, wa ya yi ta kuma wa aka yi wa?

Nauyin tambayar ba ya bayyana sai an san matsayin rubutun kuɗi a tsarin mulkin Musulunci, wanda daular Mugal ta gada ta kuma shimfiɗa a kan mafi yawan Indiya. Alamomi biyu ne suke tabbatar da cewa mutum shi ne mai iko a ƙasa, wato ambaton sunansa a huɗubar Juma'a da buga sunansa a kan kuɗi, wanda ake kira sikka, kuma Ibnu Haldun ya lissafa sikka cikin manyan ayyukan daula a Muƙaddimarsa. Gwamnan da ya cire sunan sarki daga huɗuba da kuɗi ya sa nasa ya yi shelar tawaye ke nan ko da bai zare takobi ba. Rupi, kwandalar azurfa mai nauyin kimanin giram 11 da rabi, Sher Shah Suri ne ya daidaita ta a ɗan gajeren mulkinsa tsakanin 1540 da 1545, sarkin Mugal Akbar da magadansa suka riƙe ta da azurfa kusan tsantsa, kuma a zamaninsu gefe ɗaya na rupi yakan ɗauki kalmar shahada tare da sunayen halifofi huɗu, ɗaya gefen kuma sunan sarki da garin bugu da shekara.

Aurangzeb, wanda ya yi mulki daga 1658 zuwa 1707, shi ne ya hana rubuta kalmar shahada a kan kuɗi tun farkon sarautarsa, bisa hujjar cewa kwandala tana shiga hannun kowa, tana faɗuwa ƙasa a taka ta, ana kai ta wuraren da bai dace a kai sunan Allah ba. Damuwar tasa tsohuwa ce, domin tun lokacin da halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fitar da dinari mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan Hijira aka sami malamai da suka ƙi son ganin ayoyi a hannun mai janaba, ko da yake fiƙihun Malikiyya ya zo da sauƙi a nan, tunda Muhtasar na Halil ya fitar da dirhami daga hukuncin taɓa Mushafi ga marar alwala. Abin da Aurangzeb ya maye gurbin kalmar da shi shi ne wata jimlar Farisanci da ke bayyana shekarar sarauta, wadda ake kira julus, wato adadin shekarun da sarki ya yi a kan karaga, tare da kalmar zarb, wato bugun gari kaza. Wannan tsari ne ya rayu bayan daular ta mutu, kuma shi ne abu na farko da mai koyon karanta kuɗaɗen masarautu yake haddacewa, saboda zai tarar da shi daga Rajasthan har zuwa kudancin ƙasar.

Bayan rasuwar Aurangzeb ikon Delhi ya riƙa zaizayewa, gwamnoni suka zama sarakunan gado, mayaƙan Maratha da Rajput da Sikh suka kama ƙasashe, amma kusan dukkansu suka ci gaba da buga rupi da sunan sarkin Mugal. Wanda wannan al'ada ta fi shahara da sunansa shi ne Shah Alam na Biyu, wanda ya hau a ƙarshen 1759, aka ci shi da yaƙi a Buxar a 1764, wani madugun sojan Rohilla mai suna Gulam Kadir ya ƙwaƙule masa idanu a fadarsa a 1788, ya ƙare rayuwarsa yana cin albashin Turawa bayan sun karɓi Delhi a 1803, ya rasu a 1806. Duk da haka baitin Farisancin da ke kan kuɗinsa yana siffanta shi da mai kare addinin Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda hatiminsa ya game sassan duniya bakwai. Kamfanin Ingila na Gabashin Indiya ya yi ta buga wannan baiti a Kalkata, yana rubuta cewa bugun Murshidabad ne, yana kuma rubuta shekara ta 19 ta sarauta, wadda ta dace da wajen 1778, kuma bai daina ba sai 1835, shekara 29 bayan an binne sarkin. A yammacin Indiya, masarautun Kutch da Nawanagar sun riƙe sunan Muzaffar Shah na Uku, sarkin Gujarat na ƙarshe wanda Akbar ya tumɓuke, tare da shekarar Hijira 978, a kan ƙaramar kwandalarsu ta azurfa da ake kira kori, har cikin ƙarni na 19. Mafi ban mamaki shi ne Patiala, masarautar mabiya addinin Sikh, wadda ta ci gaba da buga sunan Ahmad Shah Durrani na Afganistan har cikin ƙarni na 20, alhali shi ne ya karkashe dubban 'yan Sikh ya kuma rushe babban wurin ibadarsu na Amritsar a 1762, kuma ya rasu tun 1772.

Idan aka ɗora ɗaya daga cikin irin waɗannan rupi a tafin hannu, misali wanda aka buga a Maheshwar zamanin sarauniya Ahilyabai Holkar ta Indore, wadda ta yi mulki daga 1767 zuwa 1795, abin da ake fara lura da shi shi ne ƙanƙantarsa da kaurinsa, domin faɗinsa bai cika wuce santimita biyu ba, gefensa kuma ba a daidaita yake ba, wani lokaci da 'yar tsaga inda azurfar ta buɗe saboda ƙarfin guduma. Hatimin ƙarfen da aka buga shi da shi ya fi guntun azurfar faɗi nesa ba kusa ba, saboda haka abin da ya hau kansa wani yanki ne kawai na rubutun, kamar wanda ya leƙa allon almajiri ta kafar ƙofa: ga rabin sunan sarki, ga wutsiyar wata kalma, ga lamba biyu na shekara sauran sun faɗa waje. A saman azurfar akan ga ƙananan ramuka da tabo, waɗanda 'yan canji suka yi da tsinken ƙarfe don su tabbatar ba jan ƙarfe ne aka shafe da azurfa ba. A tsakiyar rubutun Farisancin kuma, cikin lanƙwasar wani harafi, maƙerin ya cusa wata 'yar alama da ba ta cikin asalin hatimin Delhi, wato lingam, siffar dutsen da mabiya Hindu suke wakilta abin bautarsu Shiva da ita, tare da ganyen bishiyar bilva da suke miƙa masa. Wannan 'yar alama ita ce kaɗai take faɗin ainihin wanda ya buga kuɗin. Haka abin yake a sauran masarautu: reshe mai ganye da ake kira jhar yana nuna Jaipur, reshe tare da takobi yana nuna Jodhpur, fuskar rana tana nuna birnin Indore, kifi yana nuna Awadh, mashi mai baki uku da wuƙar katar suna nuna Kutch, harafi guda na rubutun Nagari kuma yakan zama farkon sunan sarkin Baroda ko na daroga, wato shugaban gidan bugu. Ka'idar masu tantancewa ke nan, cewa manyan kalmomi ba su cika kai mutum ko'ina ba, ƙananan alamomi da nauyi da salon hannun maƙeri su ne suke nuna gida.

Dalilin wannan riƙo da tsohon rubutu yana cikin kasuwa kafin ya kasance cikin fada. A tsarin Mugal kowa yana iya kai azurfarsa gidan bugu a mayar masa da ita rupi ya biya lada, kuma rupin da aka buga a shekarar da ake ciki shi ne mai cikakkiyar daraja, na shekarun baya kuwa ana karɓarsa da ragi, wanda ake kira batta, bisa hujjar cewa ya lashe a hannun mutane. Wannan ragi shi ne abincin ɗan canji, wanda a Indiya ake kira sarraf, kuma shi ne azabar manomin da aka biya shi da tsohon rupi aka kuma nemi haraji da sabo. Tsayar da shekara wuri ɗaya dabara ce ta kashe wannan ciniki, domin idan duk rupi yana cewa shekara ta 19 ba yadda za a yi a ce wannan na bana ne wancan na bara. Game da suna kuwa, mutanen da mafi yawansu ba sa karanta Farisanci sun saba da wani zane da idonsu ya sani a matsayin azurfa mai kyau, duk sarkin da ya sauya shi kuma ya jawo wa kuɗinsa ragi a kasuwar maƙwabta. Ƙasar Hausa ta san irin wannan a liyari, dalar azurfa ta sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda aka ci gaba da bugawa da shekarar rasuwarta 1780 tsawon zamani mai yawa, wadda matafiyi Heinrich Barth ya tarar ana canjinta a kan wuri 2,500 a Kano a 1851, kuma babu bafataken da ya taɓa ɗaukar cewa matar da ke jiki tana raye tana mulki.

Daga nan ake samun hujja mafi ƙarfi ta wanke waɗannan kwandaloli. Malaman balaga sun kasa magana gida biyu, habari, wanda ake iya ce wa mai faɗinsa ya yi gaskiya ko ya yi ƙarya, da insha'i, kamar umarni da roƙo da kira, wanda ba ya karɓar gaskatawa ko ƙaryatawa saboda ba labarin wani abu yake bayarwa ba, ƙaddamar da abin yake yi. Malaman fiƙihu, musamman Ƙarafi a littafinsa na Furuƙ, sun lura cewa akwai lafuzzan da siffarsu ta habari ce amma al'ada ta mayar da su insha'i, kamar lafazin ƙulla ciniki, inda mai cewa ya sayar ba labarin wani tsohon ciniki yake bayarwa ba, a lokacin ne yake ƙulla shi. Idan aka auna rupin Murshidabad da wannan ma'auni, za a ga cewa rubutunsa ya tashi daga bayar da labarin wane ne sarki ya koma alkawari ga mai karɓa cewa wannan guntu nauyinsa kaza ne kuma azurfarsa ta kai tsarki kaza. Mai bugawa ya san haka, ɗan canji ya san haka, mai sayar da hatsi ma ya san haka, kuma inda mai magana da mai sauraro suka haɗu a kan ma'ana guda ba a ce an yaudari wani, ko da zahirin lafazin ya saɓa wa abin da ke faruwa. Ƙaryar da kuɗi yake iya yi bisa wannan fahimta tana cikin ƙarfensa, wato a rage nauyi ko a yi algus da dalma da jan ƙarfe a bar tambarin yadda yake. Ba banza ba ne malaman tafsiri irin su Ibnul Arabi da Ƙurɗubi suka kawo cewa daga cikin laifuffukan mutanen Annabi Shu'aibu har da yankar gefen dinari da dirhami, suka kuma lissafa wannan aiki cikin ɓarna a bayan ƙasa, domin shi ne yake cin haƙƙin wanda ba ya wurin kuma ba shi da yadda zai sani. A wannan ma'auni wasu masarautun sun faɗi warwas, saboda sun yi ta rage azurfar rupinsu suna fakewa da sunan sarkin Mugal, rupin Kalkata kuwa, duk da garinsa da shekararsa ba gaskiya ba ne, ya cika awonsa.

Sai dai wannan hujja ba ta rufe bakin kowa ba, kuma bai kamata ta rufe ba. Da a ce sunan sarki ya zama zane kawai wanda ba ya nufin komai, da ba a sami wanda ya damu da cire shi ba, alhali tarihin ya nuna cewa duk wanda ya cire shi ya san abin da yake yi. Tipu Sultan na Maisur, wanda ya yi mulki daga 1782 zuwa 1799, ya watsar da sunan Shah Alam gaba ɗaya, ya ƙirƙiro lissafin shekara na kansa da ake kira Mauludi, ya raɗa wa kwandalolinsa sunaye irin su Ahmadi da Faruƙi da Haidari, ya sa giwa a kan kuɗinsa na jan ƙarfe, kuma kowa ya fahimci hakan a matsayin da'awar cin gashin kai. Da Turawa suka kashe shi a 1799 suka mayar da gidan Wodeyar, waɗanda mabiya Hindu ne, sai sunan Shah Alam ya dawo kan rupin Maisur, wato Musulmi ya cire sunan mai kare addini, wanda ba Musulmi ba ya mayar da shi. A 1819 kuma Turawa da kansu suka zuga Gaziyuddin Haidar na Awadh ya naɗa wa kansa sarautar sarki mai cikakken iko ya buga kuɗi da sunansa, don kawai su rage darajar Delhi, a daidai lokacin da su kuma suke ci gaba da buga sunan marigayi Shah Alam a Kalkata. Wanda yake tura wani ya cire suna alhali shi yana riƙe da sunan ya nuna ya san cewa sunan yana da nauyi. Saboda haka hukuncin da ya fi kusa da adalci shi ne a rarrabe: ga mai saye da sayarwa rubutun alkawarin awo ne kuma ba a yaudare shi ba, amma a fagen siyasa Kamfanin ya yi amfani da shi a matsayin mayafi, yana mulkin Bengal yana nuna kamar shi ma'aikacin tara haraji ne na sarkin Delhi, har zuwa ranar da ya ga ba ya bukatar mayafin. Ranar ta zo a 1835, lokacin da aka fitar da rupi guda ga dukkan ƙasar da Kamfanin ke riƙe da ita, mai nauyin giram 11.66 da kan Sarki Wiliyam na Huɗu.

Masarautun sun ɗan daɗe kafin su bi. Sai bayan boren da aka yi wa Turawa a 1857, da aka kama sarkin Mugal Bahadur Shah na Biyu aka kai shi Rangun inda ya rasu a 1862, sannan Haidarabad ta cire sunan Mugal ta sa na gidan Asaf Jah a 1858, Jaipur da Jodhpur kuma suka rubuta sunan Sarauniya Biktoriya da haruffan Farisanci a daidai gurbin da sunan sarkin Delhi yake. Udaipur, wadda sarakunanta suke alfahari da daɗewar turjiyarsu ga Mugal, ta zaɓi wata hanya tun zamanin Swarup Singh, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1861, inda aka rubuta a kan rupi da haruffan Nagari cewa akwai abota da Landan, lafazin da ya kauce wa kiran kowa ubangida. Kutch kuwa, wadda ta yi ƙarnuka ba ta sauya shekara ba, ta koma mai gaggawar sauyi, har ta buga kori da sunan Sarki Edwad na Takwas a 1936, wanda ya sauka kafin a naɗa shi (kamar yadda aka buga sunansa a kan kwabo mai huji na Afirka ta Yamma a shekarar), sannan bayan samun 'yancin kai ta cire sunan sarkin Ingila ta sa kirarin nasarar Indiya. Mutanen da suke zaɓen kalmomi da irin wannan taka-tsantsan ba za a ce suna ganin rubutun kuɗi ado ba ne.

Akwai kuma wani ɓangare na addini da ya fi wannan zurfi. Abin da Aurangzeb ya ji tsoro shi ne hannu marar tsarki, amma abin da ya sami kalmomin da suka rage a kan kuɗin wani abu ne dabam da bai hango ba, wato sabo. A gidajen bugu irin na Mewar, wato Udaipur, da Nawanagar, masu sassaƙa hatimi da ba su san Farisanci ba sun yi ta kwafar tsohuwar kwandala daga wata tsohuwar, kowane yana ɗan karkatar da abin da ya gani, har haruffa suka narke suka zama layuka da ɗigo da ƙugiyoyi waɗanda ko malamin Farisanci ba zai iya karantawa ba sai in ya riga ya san abin da aka so rubutawa. Babu wanda ya yi niyyar wulaƙanta kalmar, babu kuma wanda ya yi niyyar girmama ta, maimaitawa ce kawai ta cinye ma'anar ta bar siffa. Ana iya cewa a nan matsalar fiƙihu ta warware kanta, tunda rubutun da ba ya karantuwa ba shi da alfarmar rubutu, amma warwarewa ce mai ɗaci, domin ta nuna cewa kalma mai tsarki tana iya mutuwa a hannun masu riƙe da ita ba tare da maƙiyi ya taɓa ta ba. Wasu masarautun sun nemi mafita ta hanyar ishara. Kuɗin Haidarabad na inji, masu hoton ginin Charminar, waɗanda aka fara a farkon ƙarni na 20 zamanin Mahbub Ali Khan, suna ɗauke da lamba 92, wadda ita ce jimlar haruffan sunan Manzon Allah a lissafin abajada, mim 40, ha 8, mim 40, dal 4, ta yadda mai sani zai gane albarkar da ake nema, sunan kansa kuma bai faɗi ƙasa ba. A can kudu, Travancore ta bi wata hanya daga cikin nata addinin, domin sarkinta Marthanda Varma ya miƙa masarautar ga abin bautarsu Padmanabha a 1750, magadansa suka riƙa kiran kansu bayinsa, kuma alamar da ta mamaye kuɗinsu ita ce ƙwaryar dodon koɗin teku da ake dangantawa da shi. A duka wuraren biyu ana ganin tunani iri ɗaya, cewa mai riƙe da karaga ba shi ne asalin iko ba, kuma wannan tunani yana taimakawa wajen fahimtar yadda sarki zai buga sunan wani a kan kuɗinsa ba tare da ya ji ya ƙasƙanta ba.

Aikin mai tara waɗannan kuɗaɗe a yau shi ne mayar da su habari bayan sun daɗe a matsayin alkawari, wato ya tilasta wa kowace kwandala ta faɗi inda ta fito da lokacin da aka yi ta, kuma wannan aiki ne da aka fara tun zamanin James Prinsep, jami'in gwajin azurfa a gidan bugu na Kalkata a shekarun 1830, William Webb kuma ya ci gaba da shi a littafinsa na 1893 kan kuɗaɗen masarautun Rajputana. Yana bukatar haƙuri da sanin lissafin shekaru iri-iri, domin ban da Hijira akwai Vikrama, wadda ake debe mata kimanin 57 a sami shekarar Miladiyya, da Saka wadda ake ƙara wa 78, da ta Kollam a Travancore wadda ake ƙara wa kimanin 825, ta yadda wanda ya ga 2004 a kan korin Kutch yana riƙe ne da kuɗin 1947. Yana kuma bukatar mutum ya iya tsayawa inda shaidarsa ta tsaya, saboda akwai rupi masu yawa da alamarsu ta faɗa wajen azurfar, waɗanda iyakar abin da za a iya cewa a kansu shi ne an buga su da sunan Shah Alam a wani wuri a tsakiyar Indiya, kuma mai sayarwar da ya laƙaba wa irin wannan sunan wata masarauta mai tsada don ya ƙara farashi ya yi irin ƙaryar da maƙerin dā bai yi ba.

Mafi munin wannan shi ne kwandalolin da suka cika kasuwannin 'yan yawon buɗe ido da shafukan intanet, masu ɗauke da sunan Kamfanin Gabashin Indiya da shekaru irin su 1616 ko 1818 da hotunan Rama da Hanuman, waɗanda aka ƙera a zamanin nan, har ake yaudarar mutane da cewa suna jawo ƙwayar shinkafa kamar maganaɗisu don a sayar da su a kan maƙudan kuɗi. Akwai kuma masu kusurwa huɗu da ke kwaikwayon rupin Akbar da kalmar shahada da sunayen halifofi, waɗanda asali an yi su ne don ratayawa da neman tabarraki, amma ake tallarsu a matsayin kuɗin Mugal. A nan sharuɗɗan ƙarya sun cika, domin mai sayarwa ya san abin da ya ɓoye, mai saye kuma ya ɗauki rubutun a kan zahirinsa ya biya. Wanda zai shiga wannan fage ya fara da sikeli kafin gilashin ƙara girma, domin rupin azurfa na yawancin masarautu yana faɗuwa ne tsakanin giram 10 da rabi zuwa 11.7, kuma ya sani cewa dokar kayan tarihi ta Indiya ta 1972 ta hana ɗaiɗaikun mutane fitar da duk kwandalar da ta haura shekara 100 daga ƙasar.